Yashi, Ruwa da Rana: Daga Ina Kumfar Take Fitowa?

 

Wata ɗaliba 'yar SS2 ce ta rubuto mana a makon jiya. Ta ce yayanta ya nuna mata wani bidiyo a waya, inda aka zuba wani gari mai launin ƙasa-ƙasa a kofin gilashi mai ruwa, aka ajiye a rana, can sai ga kumfa tana tasowa. Mai bidiyon ya ce garin silikon ne, kumfar kuma iskar haidirojin ce wadda za a iya girki da ita, har a tayar da janareta. Tambayarta ita ce: "Gaskiya ne? In gaskiya ne, mu da muke da yashi da rana da ruwa, me muke jira?" Ta ƙara da cewa tana so ta gabatar da wannan a kulob ɗinsu na JETS.

Ƙanwarmu, mun gode da wannan tambaya. Babu mamaki kumfar da kika gani haidirojin ce da gaske. Sai dai kumfa ita kaɗai ba ta isa shaida ba, domin silikon yana iya fitar da haidirojin daga ruwa ta hanyoyi biyu da suke kama da juna a ido, alhali a lissafi sun yi hannun riga. A ɗaya, rana ce ke biyan kuɗin aikin. A ɗayar, silikon ɗin ne ke cinye kansa. Yau so muke ku koyi yadda ake bambance su.

Mu fara da ruwan. Duk ɗan ajin kemistiri ya san H₂O, wato ƙwayar zarra biyu ta haidirojin da guda ta oksijin. Abin da ba a cika nanata muku ba shi ne, ruwa tokar haidirojin ne. Idan haidirojin ta ƙone a cikin oksijin, zafi ya fita, abin da ya rage shi ne ruwa. To wa ya taɓa hura wuta da toka? Kafin a mai da ruwa makamashi, dole a mayar masa da ƙarfin nan da ya fita. Giram 18 na ruwa, ɗan abin da ya haura babban cokali guda, yana buƙatar aƙalla kilojul 237 kafin ya rabu. Idan da lantarki za a yi aikin, mafi ƙarancin matsin da ake nema shi ne bolt 1.23. Ku riƙe wannan lamba, za mu dawo mata. Tun a 1800 wasu mutum biyu a Landan, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka raba ruwa da batirin da Volta ya ƙirƙiro a lokacin. Raba ruwa tsohon labari ne ke nan. Abin da ake ta fama a kai shi ne a samu ƙarfin rabawar da araha. Shi ya sa duk wanda ya ce muku janaretansa da ruwa zalla yake aiki, ku tambaye shi abin da ke biyan kilojul 237 ɗin.

Kuna iya cewa, me ma za a yi da haidirojin ɗin? Duniya tana amfani da sama da tan miliyan 90 a shekara, galibi a matatun mai da kuma wajen haɗa amoniya, wadda da ita ake yin takin zamani. Buhun yuriya da ake zubawa a gonar masara, da haidirojin aka haɗa shi. Manyan masana'antun taki na Lekki da Eleme daga iskar gas suke ciro tasu, kamar yadda ake yi a akasarin duniya, wasu ƙasashen kuma daga kwal. Ta hanyar gas, kowane kilo guda na haidirojin yana zuwa da wajen kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. Da za a samu haidirojin daga ruwa da rana kawai, da an rabu da wannan hayaƙi. Kilo 9 na ruwa yana ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 8 na oksijin.

A 1972 wasu masana biyu 'yan Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka wallafa sakamakon da ya buɗe wannan fage. Sun tsoma wani sinadari mai suna titaniyam dayoksaid a ruwa, suka haɗa shi da waya zuwa ƙarfen filatinam, suka haska masa fitila. Oksijin ta riƙa fita a jikin sinadarin, haidirojin kuma a jikin filatinam. Kun san sinadarin nan ko da ba ku san sunansa ba, shi ne ke sa fenti fari fat. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne haske ya yi aikin da a da batir ke yi, kuma sinadarin bai ƙare ba. Irin wannan abu ake kira katalis: yana sa a yi ciniki amma ba a sayar da shi. Kamar dillali ne a kasuwar kara, ya haɗa mai sa da mahauci, a tashi kasuwa ya koma gida, gobe ya dawo ya haɗa wasu. Wanda haske ke motsawa shi ake ce wa fotokatalis.

Ga yadda abin ke gudana. Ku ɗauka a cikin sinadarin akwai gida mai bene. Ƙwayoyin ilektiron suna cunkushe a ƙasa, sama kuma wayam, amma babu matakala. Sai dai tsalle. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace da gwargwadon ƙarfinta: ja mai rauni ne, shuɗi ya fi shi, wanda ya wuce shuɗi har ido ba ya gani ya fi su duka. Idan ƙwayar haske mai isasshen ƙarfi ta bugi ilektiron, sai ya haye sama, ya bar gurbi a ƙasa. Wanda ya haye shi ke zuwa bakin ruwa ya haɗu da haidirojin ta zama iska. Gurbin da ya bari kuma shi ke fizgo ilektiron daga jikin ruwa, oksijin ta fita. Aiki biyu ne, kuma dole a yi su tare. Tsayin benen, wanda za mu kira tazara, ana auna shi da ilektiron-bolt, a taƙaice eV.

Tazarar titaniyam dayoksaid ta kai 3.0 zuwa 3.2 eV. Benen ya yi tsawo da yawa. Hasken nan da ya wuce shuɗi ne kaɗai ke iya ɗaga ilektiron zuwa can, shi kuwa bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke iso mu ba. Sauran duk asara. Fiye da shekara hamsin ke nan ana neman abin da zai ci hasken da ido ke gani, ya yi araha, ya kuma jure zaman ruwa.

A nan silikon ya shigo. Bayan oksijin, babu sinadarin da ya kai shi yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 28 cikin 100 na nauyinsa. Ba shi da guba irin ta dalma ko kadmiyam. Masana'antu sun san shi ciki da bai, tunda da shi ake yin farantin sola da ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihun yayanku. Yana kuma shan duk hasken da ido ke gani, har da wani ɓangare na wanda ke ƙasa da ja. Tazararsa 1.12 eV ce. Yanzu ku ɗauko lambar da muka ce ku riƙe. Ruwa na neman 1.23, silikon na da 1.12. Saura ƙiris, amma ƙiris ɗin nan ya hana. A aikace ma giɓin ya fi haka, domin akwai ƙarfin da ke zubewa a hanya, har masu bincike kan ce sai an samu sama da 1.6 kafin aiki ya tafi sosai.

Sai aka gano cewa idan aka daka silikon ya yi laushi matuƙa, halinsa yana canjawa. Laushin da muke nufi ya wuce na garin tuwo nesa ba kusa ba. Nanomita guda kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000. Farcenku yana tsiro da kimanin nanomita guda a kowace daƙiƙa, ke nan tun da kuka fara karanta wannan shafi ya ƙaru da ɗaruruwa ba ku sani ba.

Tun a 1956 wasu ma'aurata masu bincike a Amurka, Arthur da Ingeborg Uhlir, suka lura cewa wani ruwan asid tare da lantarki yana huda silikon ya koma kamar soso. Ba a damu da abin ba sosai sai a 1990, lokacin da Leigh Canham a garin Malvern na Ingila ya nuna cewa wannan silikon mai ramuka yana fitar da jan haske idan an haska shi. Silikon na yau da kullum ba ya yin haka. Jan haske yana nufin tazarar ta ƙaru, benen ya yi tsawo. Dalili kuwa, ilektiron yana da hali irin na igiyar sauti. Duk wanda ya taɓa kallon mai gurmi ko mai garaya ya san idan ya danne tsirkiya ta gajarta, sautin sai ya yi sama. Haka ilektiron yake: a matse shi a ƙwayar da ba ta kai nanomita 5 ba, ƙarfinsa ya hau. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar, gwargwadon faɗin tazarar, har tana iya kaiwa 2 eV ko fiye. Wannan hali na ƙananan ƙwayoyi, a wasu sinadaran daban, shi ya sa aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel ta kemistiri a 2023.

Akwai wata ribar kuma, wadda za ku iya lissafawa da kanku. Ɗauki dunƙulen silikon mai kamar sukarin kwali, santimita guda ta kowane gefe. Fatar jikinsa gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ce. Yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace nanomita 10. Nauyin bai canja ba, giram biyu da ɗan ɗori, amma fatar ta zama murabba'in mita 600, abin da ya fi fulotin gida. Tunda a fata ne ruwa da silikon suke haɗuwa, wurin aiki ya ninka sau miliyan. Kuma ilektiron da ya haye bene ba ya daɗewa, in bai isa bakin ruwa da wuri ba sai ya faɗo gurbinsa, ƙarfin ya tafi a zafi. A ƙaramar ƙwaya tafiyar gajeriya ce. A 2014 ayarin Donghai Wang na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya haɗa silikon mai ramuka wanda giram guda nasa ke da fata sama da murabba'in mita 500, suka kuma nuna yana fitar da haidirojin a ƙarƙashin haske. Wasu kuma suna tsirar da silikon kamar ciyawa, siraran wayoyi a tsaye, yadda haske in ya shiga tsakaninsu ba ya samun hanyar fita. Irin wannan fuska baƙa ƙirin take zama.

Da a nan labarin ya ƙare, da tuni an gama. Amma ku tambayi kanku: duk yawan silikon a duniya, wa ya taɓa tsintar tsagwaronsa a bakin rafi? Babu. Abin da ake samu shi ne yashi da duwatsu, wato silikon da ya riga ya haɗu da oksijin. Yadda ruwa yake tokar haidirojin, haka yashi yake tokar silikon. Silikon yana son oksijin fiye da yadda haidirojin ke son ta, saboda haka in ya samu dama sai ya ƙwace ta daga ruwa:

Si + 2H₂O → SiO₂ + 2H₂

Ku dubi wannan layi da kyau. Haidirojin ta fito, ga kumfa. Amma ina haske a ciki? Babu. Ina oksijin da ya kamata ta tashi sama? Ta manne a jikin silikon. Shi kuma silikon ya koma dangin yashi. Wannan tsatsa ce, ba aikin katalis ba. An sayar da dillali tare da san.

A babban dunƙule abin ba ya nisa, domin siririyar fatar SiO₂ takan rufe shi ta tsayar da cin. Amma idan ruwan yana da kaifi irin na soda, fatar narkewa take yi, cin ya ci gaba. Sojoji sun san wannan tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suke haɗa garin ƙarfe mai silikon da soda mai ƙuna su cika manyan balan-balan na leƙen asiri da haidirojin. A 2013 masu bincike a Jami'ar Buffalo ta jihar New York, cikinsu har da Folarin Erogbogbo da Mark Swihart, suka auna abin da ƙananan ƙwayoyi. Sun samu cewa ƙwayoyi masu nanomita 10 suna fitar da haidirojin da saurin da ya ninka na masu nanomita 100 sau 150, ya kuma ninka na dunƙulen silikon sau 1,000. Ba haske, ba zafi, ba lantarki. Su dai ba su ɓoye komai ba, sun faɗa ƙarara cewa silikon ɗin ƙarewa yake yi, kuma amfanin da suke hange shi ne ɗan ƙunshin makamashi da matafiyi zai riƙe, ya zuba ruwa in buƙata ta taso. Abin lura a nan shi ne, faɗin fatar nan da muka yaba ɗazu, shi ne dai ke sa tsatsar ta yi gudu. Abin da ya ba garin nano daraja shi ke cinye shi.

Wani zai ce, to mene ne? Ai yashi ba ya ƙarewa, a yi ta ƙona silikon ɗin mana. Mu yi lissafi. Giram 28 na silikon yana ba da giram 4 na haidirojin, ke nan kilo guda yana ba da kimanin giram 143. Kilo guda na haidirojin yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 33, wato yunit 33 a ma'aunin mitar gidanku. Giram 143 bai cika yunit 5 ba. Shi kuwa kilo guda na silikon, kafin a raba shi da oksijin, sai an gasa dutsen kwaz da gawayi ko kwal a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, inda yake lashe fiye da yunit 10, ban da gawayin, ban da wahalar mai da shi nano. Ka zuba goma ka kwashi biyar. Ko mai tallan gyaɗa ba zai yarda da wannan ciniki ba.

Ko da an kunna haske ma, matsalar ba ta gushe ba. Ku tuna aiki biyu ne. Ilektiron na silikon da ya haye sama yana da ƙarfin fitar da haidirojin, wannan ɓangaren lafiya lau. Gurbin da ya bari ne rago. Fizgo ilektiron daga ruwa aiki ne mai wuya, sai an tara gurbi huɗu kafin ƙwayar oksijin guda ta fita, kuma gurbin silikon ba ya zaune a inda zai iya wannan da sauƙi. Abin da ya fi kusa da shi, ya fi kuma sauƙin ci, shi ne silikon ɗin kansa. Don haka a gwaje-gwaje da yawa akan zuba wani sinadari a ruwan, kamar metanol, domin gurbin ya ci shi a maimakon ya ci gida. Masana suna kiransa sinadarin sadaukarwa. Wannan ba ha'inci ba ne, hanya ce ta nazarin rabin aikin shi kaɗai. Amma idan labari ya bar ɗakin gwaji ya shiga waya, metanol ɗin ne ke fara ɓacewa daga bayani, sai a ce da ku "ruwa da rana kawai".

To yaya za ku gane gaskiya? Abu na farko, kuma mafi araha, a rufe kofin da baƙin ƙyalle ko a sa shi a kabad, a tabbata zafin ruwan bai canja ba. Idan kumfa ta ci gaba a duhu, ba rana ce ke aikin ba. Maganar zafi tana da muhimmanci, domin kofin da aka ajiye a ranar Sakkwato zai ɗumama, tsatsa kuma ta fi sauri a ruwan ɗumi, sai mutum ya zaci haske ne alhali zafi ne. Sannan a nemi oksijin. Idan da gaske ruwa ake rabawa, kowace lita biyu ta haidirojin dole ta zo da lita guda ta oksijin. In babu ita, wani abu ne ya haɗiye ta ko ya tsaya a madadinta. Daga nan sai ƙidaya, wadda a ganinmu ita ce alƙali: mol guda na silikon, in ya ƙone ƙurmus, mol biyu na haidirojin zai bayar. Sai haidirojin da aka tara ta zarce wannan adadi nesa, garin kuma yana nan da nauyinsa, kafin a kira shi katalis. A ƙarshe a tambayi tsawon lokaci. Farantin sola akan ba shi garantin shekara 25. Gwajin da ya yi awa shida ya mutu bai kama hanya ba tukuna.

Kada ku ɗauka masana sun nade hannu. Dabara ɗaya ita ce a sa wa silikon riga, siririya yadda haske da ilektiron za su ratsa amma ruwa ba zai taɓa shi ba. A 2013 ayarin Hongjie Dai na Jami'ar Stanford ya lulluɓe silikon da ƙarfen nikel mai kaurin nanomita 2 kacal, ya yi ta fitar da oksijin har awa 80. A 2014 masu bincike na Caltech suka yi amfani da titaniyam dayoksaid, farin sinadarin nan na Fujishima, a matsayin rigar, aka haura awa 100 a ruwa mai kaifi. Wata dabarar ita ce a raba aikin gida biyu, kamar yadda ganyen bishiya ke yi, domin shi ma tashoshi biyu yake da su na kama haske. A 2013 ayarin Peidong Yang a Berkeley ya tsirar da wayoyin silikon, ya dasa musu rassan titaniyam dayoksaid kamar 'yan bishiyoyi: silikon ya fitar da haidirojin, rassan su fitar da oksijin. An raba ruwa da gaske, da haske kaɗai. Amma daga ƙarfin ranar da ya sauka, kashi 0.12 cikin 100 ne ya koma makamashi.

Wanda ya fi yin suna shi ne "ganyen roba" na Daniel Nocera, wanda ya fito daga MIT a 2011. Wani ɗan falle ne da bai wuce katin wasa ba, an jera silikon hawa uku a ciki domin ƙarfinsu ya taru ya haura abin da ruwa ke nema, gefe guda an shafa sinadarin kobal, ɗaya gefen haɗin nikel da molibdinam da zinki. A jefa shi a ruwa a rana, kumfa ta tashi ta fuska biyu, haidirojin nan, oksijin can. Ba tare da waya ba ya kai kashi 2.5 cikin 100. Jaridu sun yi ta yayata shi, amma kamfanin da aka kafa domin sayar da shi ya jingine aikin, saboda lissafin kuɗi bai nuna zai fi hanyar da ake da ita araha ba.

Gwaji mafi girma na fotokatalis na gari da aka yi a fili a Japan ne, ƙarƙashin Kazunari Domen, aka wallafa a 2021. Sun shimfiɗa faranti na murabba'in mita 100, suka yi watanni suna tara haidirojin. Ba silikon suka sa ba, wani sinadari ne mai jure ruwa da ake kira sitirontiyam taitanet, kuma mafi kyawun abin da suka samu kashi 0.76 cikin 100 ne. Wani babban ɓangare na aikinsu ma shi ne raba iskokin biyu lafiya, domin haidirojin da oksijin a gauraye abin fashewa ne. Abin da ake hari kafin a ce harka ta biya shi ne wajen kashi 10.

Ku kwatanta da tsohuwar hanya. Farantin sola na kasuwa yana mai da kimanin kashi 20 cikin 100 na hasken rana lantarki. A haɗa shi da injin raba ruwa mai ingancin kashi 65, a ninka, a samu kashi 13. Ke nan a yau, silikon ya fi iya raba ruwa idan yana kan rufi a bushe, waya ce kawai ke shiga ruwan. Abin da ke sa ake ci gaba da neman na gari shi ne fatan ranar da za a shafa shi a faranti mai arha kamar fenti, ba waya, ba inji.

Akwai wani gefe na wannan bincike da ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya wuce ta bayan injin casar shinkafa a Kura ko Argungu ya ga tulin buntu, wani lokaci yana cin wuta a banza. Shinkafa tana zuƙo silika daga ƙasa ta tara a buntunta, har kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kuma a tsari mai ƙananan ramuka tun daga gona. Idan aka ƙona shi da kyau aka gasa farar tokar da garin magniziyam a zafin wajen digiri 650, ana samun silikon na nano. Ayarin Yi Cui a Stanford ya yi haka a 2013, ko da yake su batir suke nufi da shi. Magniziyam ɗin ma da wuta ake yin sa, saboda haka ba kyauta ba ne. Amma ga ɗalibin da zai karanta kemistiri a Zariya ko Kano ko Yamai, ga kayan bincike nan zube a bayan gari.

Yanzu ƙanwarmu mai aikin JETS. Shawararmu ita ce ki bar garin silikon. Hanyoyin yin sa suna bi ta asid ɗin haidirofulorik, wanda ke ratsa fata ya kai ga ƙashi, soda mai ƙuna kuma tana makantarwa. Ga abin da za ki iya, tare da malaminku na kemistiri. Ki samo ƙaramin farantin sola mai bolt 6, irin na fitilar caji, da fensir biyu da aka feƙe ta kai da gindi, da wayoyi biyu, da kofin ruwa da aka narka cokali guda na bakin-soda a ciki. Kada ki sa gishirin miya, domin shi iskar kulorin yake fitarwa, ita kuwa guba ce. Ki haɗa wayoyin da bakin fensiran na sama, ki tsoma na ƙasa a ruwa, ki fita rana. Kumfa za ta taso a duka biyun, ɗaya ta fi yawa, ita ce haidirojin. Ki kifa kwalbar gwaji cike da ruwa a kan kowane, ki auna da rula duk minti goma. Kada ki yi mamaki idan oksijin ta gaza rabin haidirojin, domin wata tana narkewa a ruwa, wata kuma tana cin bakin fensirin. Ki rubuta abin da kika gani, ba abin da littafi ya ce ba. Sannan ki rufe farantin da kwali a gaban alƙalan gasa, su ga kumfar ta tsaya cak, ki buɗe ta dawo. A yi shi a fili, nesa da wuta, kuma kada a tara iskar a babbar kwalba.

Ga aikin gida na wannan mako. Wani ya zuba giram 7 na garin silikon a ruwa, ya ajiye a rana, ya tara giram 0.6 na haidirojin, daga nan kumfa ta ɗauke. Ya ce ya gano fotokatalis. Ku ɗauki nauyin zarra na silikon 28, na haidirojin 1. Giram nawa na haidirojin garin zai iya bayarwa ta hanyar tsatsa kaɗai, kuma shin adadin da ya tara ya isa hujja? Ku aiko da amsa tare da lissafinku, sunan makaranta da aji. Za mu buga sunayen mutum biyar na farko da suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.